Damunar da Masassaƙin Jirgi Ya Gyara Mini Ɗaki

Damunar da ta biyo bayan ba mu jiha, ko magini ɗaya bai rage a Yelwa ba, balle kafinta. Duk sun tattara sun tafi Birnin Kebbi, inda aka ce ana gina ofisoshi da gidajen ma'aikatan da aka kwaso daga Sakkwato. Har wanda bai iya komai ba sai miƙa bulo, ya tafi. Maigidana ma can aka mai da shi. Masinja ne, sai ƙarshen wata muke ganinsa, wani watan ma sai dai saƙo. Ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, da yaro na goye, da ɗaki mai yoyo.

Rufin kwano ne tsoho, tsatsa ta cinye shi. Da rana in na rufe ƙofa sai in ga ɗigo-ɗigon haske a ƙasa kamar an watsa gero. Na san kowace huda, na san wadda ke fara zuba da wadda sai ruwa ya yi nisa take shigowa. Hadarin garinmu kuma daga kan tafki yake tasowa, kafin ki kwashe shanya ya iso. Abin da ya hana ɗakin cika shi ne wata 'yar kafa a gindin bango, bayan ƙofa. Ruwan da ya shigo ta sama, ta nan yake bi ya fita tsakar gida.

Yaron yana tari. Tun farkon damuna ya fara, in na kara kunnena a bayansa sai in ji ƙirjinsa yana ƙugi kamar an ɗora tukunya. Duk inda na shimfiɗa shi, ruwa ya same shi. Na ja gado gabas, na ja shi yamma, na lulluɓe shi da leda ya yi ta zufa yana kuka. Na taɓa kai shi ɗakin Inna, wanda na ciyawa ne, ba ya yoyo, amma a ciki take bandar kifin da take sayarwa. Hayaƙin ya sa tarin ya ninka. Abu ɗaya nake nema a duniyar nan a lokacin: wuri busasshe daidai tsawon yaron nan.

To, ɗan fari ne. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. Ni kuma na riƙe wannan kunya da kyau, har ta zama abin alfaharin Inna. Duk matar da ta shigo sayen kifi sai ta nuna ni da haɓa, ta ce, "Kin gan ta? Ko kallonshi ba ta yi. Ya faɗi a gabanta sai ta tsallake ta wuce. 'Yan yanzu ina suka san wannan?" Ni ina tsugune ina wanke-wanke, kunnena duka biyu suna wajen ƙirjin yaron.

Na aika wa maigidan ta hannun wani direba cewa ɗaki yana zuba. Ya aiko da laima, da bayanin cewa magina duk suna can, kullum yana ganinsu. Saƙon ɗa hannun uwa yake shiga. Inna ta buɗe laimar, ta juya ta, ta sa masa albarka, ta naɗe ta ajiye a akwatinta sai sallah.

Da na rasa yadda zan yi, wata safiya na durƙusa a ƙofar ɗakinta na ce, "Inna, ɗakin can ruwa zai ɓata mini kayan jere."

Kayan jeren samiru ne masu furanni, manya da ƙanana, da tasoshi, waɗanda mahaifiyata ta tara mini tun ina talla. A kan wani katako suke a kusurwa, ba a cin abinci a cikinsu, ba a taɓa su sai in za a goge. Inna ta ajiye kifin da ke hannunta.

"Samirun da uwarki ta sha wahala a kansu? Mi ya hana ki faɗa tun tuni?"

Ran kasuwa ta ba 'yan jirgin ruwan garin Wara saƙo ga wani ƙanenta. Ta ce duk faɗin bakin tafki ba wanda ya kai shi sanin katako da ruwa. Ba ta yi ƙarya ba. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, bai taɓa taɓa ɗaki ba. Jirage yake sassaƙawa.

Ya iso da hantsi, gajeren dattijo mai faɗin kafaɗa, wandonsa a naɗe har gwiwa ko da yake a kan tudu yake tafiya. A buhunsa akwai gizago, da zarto, da guduma, da dunƙulen kwalta, da auduga. Na gaishe shi da Kawu. Ya ce maganar lada kar ma a fara ta, aikin gida ne, a dai riƙa ba shi tuwon shinkafa da miyar kifi. Na yi murna a lokacin. Daga baya na gane mutumin da ba a biya ba, ba ta yadda za a ce masa ya isa haka.

Ya tsaya a bakin ƙofata ya yi bisimilla, ya shiga da ƙafar dama a hankali, hannunsa a jikin bango, kamar ɗakin zai motsa. Na tsaya a bayansa ina jiran ya ɗaga kai ya ga hudojin. Bai ɗaga ba. Ƙasa yake kallo. Ya bi daɓen yana dukansa da diddige yana saurare. Ya tsuguna ya shafa gindin bango. Da ya iso bayan ƙofa ya ga 'yar kafar nan, sai ya zura yatsa a ciki, ya juyo ya dube ni da tausayi.

"Ɗiyata, da wanga rami kike kwana?"

Na ce, "Kawu, ta nan ruwan yake fita."

"Inda ruwa ya fita, nan yake shiga. Allah ne ya tsare ku."

Na ce, a hankali, ina nuna sama da ido, "Ta can yake zubowa."

Ya ce, "Mu fara da abin da ke kashe mutane."

Kwanaki ya yi yana aikin ƙasa. Muka fitar da gado da tabarma. Ya narka kwalta a tsohuwar tukunyar Inna, unguwa duk ta ɗauki wari. Duk inda daɓe ya tsage ya cusa auduga da bakin wuƙa, ya bi da kwalta. Ya shafe gindin bango zagaye har kusan gwiwa. Ya toshe 'yar kafar da guntun katako, ya buga mata gwangwani, ya sake shafewa. Sannan ya ɗaga dokin ƙofa da faffaɗan katako, sai na tattare zane kafin in tsallaka. Yana aiki yana ba Inna labarin jiragen da ya yi, wani yana ɗaukar shanu zuwa tsallake, wani yana kai albasa, ba wanda ya taɓa nutsewa. Inna tana cewa, "Ai na gaya mata."

Da za mu mai da kaya, ya hana a sa gado a jikin bango. Ya ce gado a gefe ɗaya, samiru ma a gefen, akwati ma a can, nauyi ya taru wuri guda. Ya sa aka ajiye gadon a tsakiyar ɗaki daidai, wato ƙarƙashin babbar huda, wadda ke fara zuba.

Ruwa ya sauko da la'asar. Ina tsaye a tsakiyar ɗaki da yaro a baya, ina kallon abin da ban taɓa gani ba. Da, ruwan yakan taru ya yi 'yar hanya ya nufi bayan ƙofa. Yau ya je bayan ƙofa, ya tsaya, ya dawo. Ya rufe tafin ƙafata. Ya kai idon sawu. Takalmina ɗaya ya taso ya wuce ta gabana ya shiga ƙarƙashin gado.

Kawu ya fito daga zaure cikin ruwan, ya zagaya ɗakin ta waje yana duba gindin bango, sannan ya leƙo, fuskarsa cike da fara'a. Ya kira Inna.

"Yaya, zo ki gani. Ko ɗigo bai fita ba."

Inna ta zo da faifai a ka, ta leƙa, ta ce, "Ikon Allah. Kamar randa."

Na ce, "Kawu, to yanzu ya za a yi da na ciki?"

Ya ce dama yana tafe da maganinsa. Ya koma zaure ya dawo da wani galan da ya yanke wa baki a karkace, ya bar masa mariƙi. Ya miƙo mini da hannu biyu kamar kyautar biki.

"Ba jirgin da ba shi da abin kwarfa. Ki tsuguna a tsakiya, kar ki tsaya a gefe. Ki kwarfa da kafaɗa, ba da ƙugu ba, in ba haka ba bayanki zai gaya miki."

Ya shigo ya nuna mini. Gaskiya ya iya. Kafin in ƙifta ido ya rage ruwan da rabi, yana watsa shi ta saman dokin ƙofa ba tare da ya taɓa katakon ba. Ya tsaya a kaina har sai da hannuna ya faɗa. Ya ce da namiji ce ni da ya ɗauke ni aiki.

Haka na shiga kwarfa. In hadari ya haɗu, matan unguwa suna kwashe shanya, ni ina neman galan. Yaron ba ya sauka daga bayana, don babu inda zan sauke shi. Katifa ta jiƙe ta ƙi bushewa. Duk sunkuyon da zan yi sai in ji tarin a tsakanin kafaɗuna, ina jin zafin jikinsa ta cikin zane. Ina kwarfa ina lissafin abin da zan faɗa in na je gaban Inna, in na fito kuma in tarar da ita tana gaya wa wata, "Ga ta nan, ko sunanshi ba ta sani ba."

Wata rana da safe, suna zaune a rumfa ita da Kawu suna karin kumallo da kunu, na zo na durƙusa. Na yi niyya tun daga ɗaki. Na ce, "Kawu, aikin ƙasa ya yi kyau. Saura sama."

Ya ajiye ludayi. Ya ce shi tun yana yaro yake cikin ruwa, bai taɓa jin wanda ya shiga jirgi ya kai ƙarar sama ba. Ruwan sama na Allah ne, ya zuba a kan mai jirgi, ya zuba a kan sarki. Abin da ake yi shi ne a duba cikin lodi, a ga abin da ba ya son ruwa, a rufe shi. Gishiri, ko gari, ko busasshen kifi. Sauran kuwa su jiƙe su bushe.

"To ki gaya mini," in ji shi. "A cikin ɗakin ga, mi ne ne ba ki son ruwa ya taɓa?"

Yaron yana bayana. A daidai lokacin ya yi tari, mai tsawo, har da ɗan kuka a ƙarshe. Na ɗaga ido na ga Inna tana kallona, da irin kallon nan nata na mai jiran a fitar da ita kunya a gaban ɗan'uwanta. Na buɗe baki.

Na ce, "Samiru."

Inna ta gyara zama. Kawu ya ce, "Madalla. Yanzu kika yi magana."

Bai taɓa yin aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba, Inna ce ta faɗa. Ya sa aka kawo masa katako daga bakin ruwa. Ya shigo ɗaki ya auna jeren samiruna da taƙi, tsawo da faɗi, har da tudun murfin babbar. A tsakar gida ya zauna yana fiƙe katako da gizago, yana lanƙwasa shi a kan wuta, yana haɗawa. Da abin ya fara fitowa sai na ga jirgi ne. Ƙarami, amma jirgi sosai, da goshinsa da komai. Na ce ko wani abu daban za a yi, kamar akwati. Ya ce shi bai iya abu mai kusurwa huɗu ba, kuma bai yarda da shi ba.

Ya cusa auduga, ya shafa kwalta. Ya sa na cika shi da ruwan rijiya, ya kwana a haka, da safe ya zo ya shafa ƙarƙashinsa ya nuna mini tafin hannunsa a bushe. Ya yi masa shuɗin fenti da jan layi. Ya tambaye ni abin da za a rubuta a jiki, don jirgi ba ya zama ba rubutu. Na ce duk abin da ya gani. Ya ce shi ma bai iya rubutun ba, mai yi masa ya tafi Birnin Kebbi. Sai ya zana kifi.

Sannan ya kafa sanduna a kusurwar ɗaki, muka ɗaga jirgin ni da shi da Inna, muka kifa shi a kan sandunan, a saman samiru. Ya ce haka suke yi wa taru da busasshen kifi a bakin ruwa in hadari ya taso.

Ruwan da aka yi bayan nan ya fi na kullum. Ina tsugune ina kwarfa, ruwa yana bin wuyana, na waiga kusurwa. Ruwa yana sauka a bayan jirgin, ya gangara ta gefe da gefe, ya zuba ƙasa. A ƙarƙashi samiruna suna zaune a jere, furanninsu suna ƙyalli. Na miƙa hannu na shafa murfin babbar. Ƙura na shafo. A duk gidan nan, a duk unguwar ma ina jin, ba abin da ya kai su jin daɗi.

Na daɗe ina kallonsu. Yaron ya yi tari a bayana.

Na ajiye galan. Na ɗauko babbar samira, wadda ko ruwan sha ba a taɓa zubawa a ciki ba, na cire murfin, na ɗora ta a kan gado ƙarƙashin babbar huda. Na ɗauko mai bi mata na sa a ƙarƙashin ta kusa da taga. Na bi hudojin nan ɗaya bayan ɗaya, da yake na san su, kowace na ba ta samira daidai bakinta, ƙananan na ba su tasoshi. Ɗakin ya cika da ƙara, kowace da irin muryarta. Na goge katakon jeren, na ninka zanen da ya rage mini busasshe a akwati na shimfiɗa. Na kwance goyo, na shafa masa man zafi a ƙirji, na kwantar da shi a ƙarƙashin jirgin.

Ya shiga daidai, kamar shi aka auna. Ya kalli cikin jirgin a samansa, ya miƙa hannu yana son taɓawa. Ya yi tari sau ɗaya, ƙarami. Sai barci. Rabon da in ga ya yi barci a kwance, hannuwa a baje, har na manta. Na zauna a bakin gado, ƙafafuna cikin ruwa, ban kwarfa ba, ban yi komai ba.

A haka suka same ni. Ruwa ya tsagaita, Kawu ya zo duba aikinsa, Inna tana biye da shi. Ya tsallako dokin ƙofa, ya ga samiru a warwatse, kowace cike da ruwa har baki, wata ma tana ambaliya a kan katifa. Ya tsaya.

"Ɗiyata, mi na yi miki?"

Na sunkuyar da kai. Ina jin Inna tana takowa cikin ruwa zuwa kusurwa. Ta duƙa ta leƙa ƙarƙashin jirgin. Ta daɗe a duƙe. Na ga ta sa bayan hannunta a goshinsa, sannan ta kwantar da tafinta a ƙirjinsa tana saurare. Na ce a raina yau alfahari ya ƙare, gobe duk mai sayen kifi za ta ji.

Da ta yi magana, da yaron ta yi, ƙasa-ƙasa don kar ya tashi. Ita dama mijinta take ce masa, irin wasan kaka da jika.

"Kai, mummunan miji. Ba ka kawo ko gishiri gidan ga ba, ka kori kayan mutane ka haye wurinsu."

Ta miƙe tana dafa gwiwa. Ba ta kalle ni ba. Ta ce wa Kawu, "Abin ga ya yi gajere."

Ya ce, "Na auna su da hannuna, Yaya."

"Na ji. Samirun ga nata masu girma ne. Kafin kaka za su ƙara tsawo, har su fara juyi. Ka ƙara katako, ka yi musu abin tarewa a gefe kar su faɗo cikin ruwa."

Kawu ya dube ta, ya dube ni, ya je ya duƙa shi ma. Ya ɗora babban yatsansa a saitin kan yaron, ya auna shi da taƙi har ƙafa ba tare da ya taɓa shi ba, ya ƙara taƙi ɗaya a iska. Ya miƙe yana girgiza kai, ransa a ɓace da gaske.

"Ina ta aiki ba wanda ya gaya mini akwai fasinja. Lodi daban, fasinja daban. Da na sani ai da ban sa kwalta ta ciki ba, warin yana hawa kai."

Washegari ya sauke jirgin ya kankare cikinsa tas, ya ƙara masa tsawo, ya yi abin tarewar. Ya ɗaga katakon sama kaɗan, ya ce fasinja ba ya zama kusa da ruwa. Na roƙe shi ya buɗe mini 'yar kafar bayan ƙofa. Nan ne ya ƙi. Ya ce ya yi mini komai, amma ba zai huda abu da hannunsa ba alhali da yaro a ciki. Sai da ya hau jirgin Wara ran kasuwa na sa taɓarya na fasa ta da kaina.

Inna ta shigo da yamma da laimar nan, ta jingina ta a bayan ƙofa, ta ce ta tsare mata wuri a akwati. Da safe ta ce in shirya in raka ta asibiti, ƙafarta na ciwo, in kuma ɗauko mijin nata tunda ba mai riƙe shi. Da muka isa ba ta ce komai a kan ƙafa ba. Ta karɓe shi daga bayana ta shiga da shi.

Tarin bai tafi nan da nan ba, amma ƙugin ya daina, ya riƙa raguwa har ya bari. Rufin kuwa haka ya ci gaba da zuba har ƙarshen damuna, samiru suna aikinsu. Biyu daga ciki sun yi tsatsa a gindi, mahaifiyata ta gani da ta zo, ta yi faɗa, na ce ruwa ne.

Maigidan ya dawo ƙarshen wata da rana tsaka. Ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ya dafa gado a tsakiyar ɗaki, ya miƙe ya buga goshi da jirgi. Ya tsaya yana murza wurin yana kallon kifin da aka zana. Na ji Inna daga rumfa tana gaya wa wata mai sayen kifi, "Kin gan ta? A kan katako take ajiye shi kamar tasa. Ko a gado ba ta yarda ya kwanta kusa da ita ba."